Yadda ake bibiyar filayen ciyawar teku da hotunan tauraron ɗan'adam: misalin Banc d'Arguin

Idan ka ɗora hotuna biyu na gaɓar teku ɗaya, na bara da na bana, kusan kullum za ka ga bambanci. Yawancin wannan bambancin ba na ciyawa ba ne. Ko dai ruwa bai janye daidai ba a ranakun biyu, ko an ɗauki ɗaya lokacin da ganye ya cika ɗaya kuma lokacin da ya zube, ko ƙura ta rufe sararin sama, ko kuma lambobin hoton ne ba a daidaita ba. Saboda haka mafi yawan aikin nan na kawar da sauyin ƙarya ne. Abin da ya rage bayan an gama tacewa shi ake kira sauyin ciyawa.

Ciyawar teku tsiro ce mai saiwa da fure da iri, wadda ke rayuwa a ruwan gishiri marar zurfi. Ba gansakuka ba ce, ko da yake daga sama sukan yi kama, kuma wannan kamannin zai ba mu wahala nan gaba. Wurin da za mu yi aiki a kai shi ne Banc d'Arguin da ke gaɓar Muritaniya, tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu, gandun da aka keɓe a 1976, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1989. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 12,000, kuma idan teku ya janye, filayen laka kusan murabba'in kilomita 500 ke bayyana, mafi yawansu lulluɓe da ciyawar da ake kira Zostera noltei. Can ƙasa, inda ruwa ba ya janyewa, akwai Cymodocea nodosa da Halodule wrightii. Wannan rabuwar ta sa aikin ya kasu biyu: ciyawar da ke fitowa fili, wadda auna ta ke da sauƙi, da ciyawar da ke ƙarƙashin ruwa kullum, wadda ke buƙatar haƙuri da lissafi.

Fara da tambaya da iyakar fili

Kafin ka sauke ko hoto ɗaya, rubuta abin da kake son sani. "Hekta nawa ciyawa ta rufe?" tambaya ce daban da "Kaurin ciyawar na raguwa?" Fili na iya zama da faɗinsa na da, amma ganyen ya ragu da rabi, kuma taswirar da ke nuna akwai ko babu kawai ba za ta kama wannan ba. Zana iyakar wurin a manhajar taswira ta QGIS, ka ajiye ta, kada ka sake taɓa ta tsawon shekarun binciken. Kada ka fara da gandun gaba ɗaya. Filayen da ke kewaye da ƙauyen Iwik da tsibirin Tidra sun ishe ka koyon aikin. Yi amfani da tsarin awo na UTM shiyya ta 28 ta arewa, wato EPSG:32628, domin idan ka bar taswirar a kan digiri, lissafin hekta zai fito a karkace.

Wane tauraro?

Biyu ne na kyauta da za a iya dogara da su. Sentinel-2 na shirin Copernicus na Tarayyar Turai: an harba na farko a 2015, na biyu a 2017, na uku a 2024, kuma yana dawowa kan wuri ɗaya kusan duk kwana 5. Yana da zangunan haske 13, amma huɗu ne masu ɗigon mita 10, wato kowane ɗigon hoto na rufe fili mita 10 a kan 10: B2 shuɗi, B3 kore, B4 ja, da B8 na hasken infared na kusa, wanda ido ba ya gani. B5 da B11 masu mita 20 su ma za su yi amfani. Kowane ɗigon mita 10 murabba'in mita 100 ne, wato ɗigo 100 ke ba da hekta ɗaya.

Landsat na Amurka ɗigonsa mita 30 ne, kowane tauraro na dawowa duk kwana 16, amma tarihinsa ya fi tsawo: Landsat 5 ya fara a 1984, na 7 a 1999, na 8 a 2013, na 9 a 2021. Idan tambayarka ta shafi abin da ya faru kafin 2015, ba ka da wani zaɓi. Sai dai ka sani cewa hotunan da Landsat 7 ya ɗauka daga ƙarshen watan Mayun 2003 suna da layukan giɓi saboda wata na'ura da ta lalace, kusan kashi 22 cikin ɗari na kowane hoto babu komai. Kada ka cike giɓin da lissafi sannan ka ƙidaya shi a matsayin ciyawa. Haka kuma lambobin zangunan sun bambanta: a Landsat 5 da 7, ja shi ne B3, infared B4, a na 8 da 9, ja B4, infared B5. Wanda ya kwafi lissafi ɗaya ya liƙa wa duka zai sami "babban sauyi" daidai shekarar 2013.

Ana samun Sentinel-2 a Copernicus Data Space Ecosystem, Landsat kuma a EarthExplorer. Ga mai intanet marar ƙarfi, Google Earth Engine ya fi, tunda lissafin a can ake yinsa, sakamakon kawai za ka sauke. Hoton Sentinel-2 guda ɗaya na iya kusan kai gigabait ɗaya.

Zaɓen hotuna, inda aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci

Ruwa yana shanye hasken infared nan take. 'Yan santimita kaɗan a kan ciyawa sun isa su rage shi sosai, kuma ma'aunin ganye, wato lissafin da ke nuna yawan koren ganye a hoto, a kansa ya dogara. Don haka ciyawar da ruwa ya ɗan rufe za ta fito a lissafi kamar laka tsirara. Dole hoton ya kasance na lokacin da teku ya janye sosai.

A wannan gaɓar teku na cika ya janye sau biyu a yini, tazarar cika zuwa cika kusan awa 12 da minti 25, kuma kowace rana lokacin na jinkirtawa da kusan minti 50. Tauraron kuwa lokacinsa ɗaya: yana ratsa wurin da hantsi, wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi agogon Muritaniya. Ke nan a wasu ranaku ne kawai lokutan biyu ke haɗuwa. Sannan girman janyewar na bin wata. Kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata da bayan wata ya cika, ruwa na janyewa da nisa. A tsakankani, wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu, janyewar kaɗan ce. Kalandar Hijira ta fi ta Miladiyya amfani a wannan lissafin. Akwai kuma wani abin da masu farawa ba sa lura da shi: a kowane wuri, babbar janyewa kusan a sa'a ɗaya take faɗowa kowane zagaye. Idan a wurinka sa'ar ba ta dace da wucewar tauraron ba, akwai ƙasan filin da ba za ka taɓa gani a bushe ba komai yawan hotunan da ka tara. Sai ka faɗi haka a rahotonka, ka taƙaita bincikenka a kan abin da ake gani.

Teburin hasashen ruwa na tashar jirgi mafi kusa, ko samfurin duniya irin su FES2014 da TPXO, suna ba da haske, amma ba a dogara da su kaɗai a wuri mai tsibirai da magudanai kamar wannan. Ruwa na makara a lungunan ciki, iska mai ƙarfi kuma na iya riƙe shi ko ta tura shi waje. Hanya mafi aminci ita ce a tambayi hoton kansa. Ga yadda ake yi. Tattara duk hotunan da girgijensu bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba a kan wurinka, ba a kan hoton gaba ɗaya ba. A kowane hoto, duba jadawalin yawan lambobin B8: za ka ga tudu biyu, na ruwa kusa da sifiri, na ƙasa can gaba. Sa iyaka a kwarin da ke tsakaninsu, galibi wajen 0.02 zuwa 0.04. Ƙidaya ɗigon da suka haura iyakar, shi ne faɗin filin da ya fito a ranar. Jera hotunan daga mafi faɗi zuwa mafi ƙanƙanta, ka ɗauki rubu'in sama. Daga nan sai ka yi abin rufewa guda ɗaya wanda ya ƙunshi ɗigon da suka fito fili a duk hotunan da ka zaɓa, na duk shekarun. A cikinsa kawai za ka yi kwatanci. Za ka rasa wani yanki na gefen magudanai, amma abin da ya rage abin kwatantawa ne.

Bayan ruwa sai yanayin shekara. Zaɓi ɗigo 20 a tsakiyar ciyawa mai kauri, ka zana ma'aunin ganyensu wata-wata na shekara uku. Za ka ga lokacin da yake hawa da lokacin da yake sauka. Ɗauki makonni shida zuwa takwas na ƙololuwa, ka riƙe su a kowace shekara. Hoton Janairu da na Satumba ba sa kwatantuwa ko da ruwansu ya yi daidai.

Sai ƙura. Iskar da ke kawo mana hazo a arewa ita ce ke kwasar ƙurar Sahara ta watsa a kan Tekun Atlantika, kuma Banc d'Arguin a bakin hamadar yake. Na'urar gano girgije ba ta cika kama hazo marar kauri ba. A Sentinel-2, shafin SCL, wanda ke rarraba abin da ke kowane ɗigo, na nuna inuwar girgije da lamba 3, girgije da 8 da 9, siririn girgijen sama da 10, to cire waɗannan, amma ka buɗe kowane hoto ka duba da idonka. Idan ruwa mai zurfi ya yi fari-fari ko ruwan ƙasa a ko'ina, ko gefen tsibirai ya dusashe, ajiye hoton. Hazo na ƙara hasken ja, sai ma'aunin ganye ya faɗi a duk filin lokaci ɗaya.

Daidaita lambobi

Ga ciyawar da ta fito fili, hoton mataki na 2A na Sentinel-2, wanda aka riga aka cire masa tasirin iska, ya wadatar. Amma akwai tarko. Daga 25 ga Janairun 2022 aka fara ƙara 1000 a kan kowace lamba. Ke nan a sababbin hotuna sai ka cire 1000 kafin ka raba da 10,000, a tsofaffin da ba a sake sarrafa su bayan wannan ranar ba kuwa rabawa kawai. Duba abin da mantuwa ke haifarwa. A ce B8 ya nuna 3200, B4 ya nuna 1600. Idan aka cire 1000, sun zama 0.22 da 0.06, ma'aunin ganye 0.57. Idan ba a cire ba, 0.32 da 0.16, ma'aunin 0.33. Ciyawa ɗaya ce, amma taswira za ta ce ta kusa mutuwa a 2022. A Earth Engine, tarin COPERNICUS/S2_SR_HARMONIZED ya riga ya gyara wannan, to kada kuma ka cire sau biyu. A Landsat tari na 2 mataki na 2, ninka lambar da 0.0000275 sannan ka cire 0.2, kafin duk wani lissafi.

Duba kuma ko hotunan sun hau kan juna daidai. Zaɓi wani abu da ba ya motsi, kamar kan dutse a gaɓa, ka ga ko yana wuri ɗaya a duk shekarun. Tsofaffin hotunan Sentinel-2 kan goce da kusan ɗigo ɗaya. Alamar gocewa ita ce taswirar sauyi ta nuna siririn layin "asara" a gefe ɗaya na kowane magudani da layin "ƙari" a ɗaya gefen.

Idan za ka haɗa Landsat da Sentinel-2 a jeri ɗaya, mayar da na mita 10 zuwa mita 30, ko ka yi amfani da tarin hotunan HLS na hukumar NASA da ya riga ya daidaita su. Hekta da aka ƙidaya a mita 30 ba ta kwatantuwa da ta mita 10, domin ƙananan tsibiran ciyawa na ɓacewa a babban ɗigo.

Ma'aunin ganye da abin da ke rikita shi

Ma'aunin ganyen, wanda ake kira NDVI, shi ne B8 a cire B4, a raba sakamakon da jimillar B8 da B4. Ganye mai rai na shanye ja yana mayar da infared, don haka lambar na hawa. Laka tsirara da yashi sukan tsaya ƙasa da 0.15, ciyawa mai kauri ta haura 0.5. Ga kowace shekara, kada ka dogara da hoto ɗaya. Ɗauki uku zuwa shida na cikin makonnin da ka zaɓa, ka fitar da lambar tsakiya ta kowane ɗigo, wato wadda ke tsakiya idan an jera lambobin daga ƙarama zuwa babba. Lambar tsakiya ta fi matsakaici, domin hoto ɗaya mai ɓoyayyen hazo ba ya jan ta.

NDVI na ganin kore ne kawai, bai san sunan tsiro ba. Abu biyu ke shigar masa. Na farko wani siririn lulluɓi mai ruwan zinare na ƙananan halittu da ke hawa saman laka idan ruwa ya janye, wanda kan ɗaga lambar zuwa inda za a zaci ciyawa ce marar kauri. Ana gane shi da rashin tsayawa: yau yana nan, bayan kwana biyar ya ɓace ko ya koma wani wuri, kuma infared ɗinsa bai kai na ciyawa ba. Na biyu koriyar gansakuka, wadda haskenta ya yi kama da na ciyawa ƙwarai. A nan hoto kaɗai ba ya raba gardama, sai an je an gani. Abin da ke taimakawa shi ne saiwa: ciyawa na wuri ɗaya wata da watanni, gansakuka kuwa ruwa na kwashe ta. Haka busasshen ganyen da igiya ta tara a bakin gaɓa, yana fitowa kamar dogon zare. Cire shi da hannu.

Zuwa filin

Babu taswirar da za a yarda da ita ba tare da awon ƙasa ba. Shiga gandun na buƙatar izinin hukumarsa, kuma hanyar kaiwa filayen ita ce kwale-kwalen filafilai na masunta Imragen, waɗanda su ne mazauna ƙauyukan wurin kuma sun san magudanai. Shirya tafiyar ta faɗo cikin makonni biyu na hoton da za ka yi amfani da shi.

Kayan aiki: firam mai kusurwa huɗu na santimita 50 a kan 50, wanda ake haɗawa da bututun roba, tef na mita 50, GPS, kyamara, takarda marar jiƙewa da fensir, takalmin roba mai kama ƙafa, don lakar na cire sakakken takalmi kuma akwai ɓawon kumba mai yanka. Tsarin Seagrass-Watch na amfani da layi uku na mita 50, tazarar mita 25, ana ajiye firam duk mita 5, jimilla 33. Yana da kyau don sa ido a wuri ɗaya, amma don daidaita hoton tauraro sai a ɗan sauya shi. GPS na waya na kuskure da mita 3 zuwa 5, wato kusan rabin ɗigo. Don haka zaɓi wuri mai kama ɗaya da ya kai mita 30 a kan 30, ka tsaya a tsakiya, ka ajiye firam sau biyar, tsakiya da kusurwa huɗu, ka ɗauki hoton kowanne daga sama kai tsaye, ka rubuta kashi nawa cikin ɗari ganye ya rufe, wace ciyawa ce, akwai gansakuka ko babu, da ko ruwa na kwance. Matsakaicin biyar ɗin shi ne lambar wurin. Kada ka auna a bakin iyakar ciyawa da laka.

Mutum yakan bi inda tafiya ke da sauƙi, kusa da inda aka ɗaure jirgi, kuma wannan na karkatar da sakamako. Fitar da wuraren awon a kwamfuta tun kafin tafiya, a warwatse, daga laka tsirara har ciyawa mai kauri. Nemi wuri aƙalla 50 ga kowane rukuni. Ware kashi 30 cikin ɗari ka ɓoye su don gwaji, kuma ka ware su filin-fili, ba ɗigo-ɗigo ba; idan wurin koyarwa da na gwaji maƙwabta ne, sakamakon zai yi kyau fiye da gaskiya. Sannan ka lura da agogo. Ruwa a shimfiɗaɗɗen fili yana dawowa ta magudanan da ke bayanka kafin ka gan shi a gabanka.

Da ka dawo, zana NDVI a gefe ɗaya, kashin rufin ganye a ɗaya gefen. Layin zai hau kusan a miƙe, sannan ya kwanta a sama, domin idan ganye ya riga ya rufe ƙasa, ƙarin kauri ba ya ƙara lambar sosai. Daga wannan zanen za ka ɗauki iyakarka, misali lambar da ta yi daidai da rufin kashi 20. Kada ka ari iyakar da aka samo a gaɓar Faransa ko Holand, launin laka da yawan ruwan da ke kwance a kanta sun bambanta. Rukuni uku sun isa: babu ciyawa, marar kauri, mai kauri. Idan gansakuka na da yawa, ba wa na'urar rarrabewa ta Random Forest zangunan B2, B3, B4, B5, B8, B11 da NDVI, ka sa adadin bishiyoyin lissafinta 300 zuwa 500.

Ciyawar da ke ƙarƙashin ruwa

A nan NDVI ba ya aiki ko kaɗan. Infared ya ɓace, ja na ɓacewa cikin 'yan mitoci, shuɗi da kore ne suka rage. Kuma hasken da ke dawowa daga ƙasan ruwa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na iska, don haka gyaran 2A da aka tsara don tudu bai isa ba. Sauke mataki na 1C, wanda ba a cire masa tasirin iska ba, ka bi da shi ta ACOLITE, manhajar kyauta da masana a Beljiyam suka yi don ruwan gaɓa.

Mataki na gaba cire ƙyallin rana daga saman igiyoyi. Hanyar Hedley ta 2005 ita ce mai sauƙi: zaɓi ruwa mai zurfi mai wuraren ƙyalli da marasa shi, zana kowane zango da B8, ka ɗauki gangaren layin. Daga kowane ɗigo sai ka cire gangaren ninki bambancin B8 ɗinsa da mafi ƙarancin B8 na samfurin. Hanyar na ɗaukar cewa duk infared ƙyalli ne, saboda haka a ruwa marar zurfi sosai, inda ganye ya kusa taɓa sama, tana cirewa fiye da kima.

Sai matsalar zurfi: farin yashi a ruwa mai zurfi da ciyawa mai duhu a marar zurfi na iya ba da lamba ɗaya. Hanyar Lyzenga na raba su. Zaɓi ɗigon yashi tsantsa a zurfi daban-daban, cire hasken ruwa mai zurfi daga B2 da B3, ɗauki logaridim ɗinsu, ka zana ɗaya da ɗaya. Za su jeru a layi, gangarensa kuma na nuna yadda ruwan ke cin zangunan biyu. Ma'aunin shi ne logaridim na B2 a cire gangaren ninki logaridim na B3. Dole a sake wannan ga kowane hoto, don tsabtar ruwa na sauyawa.

Gaskiyar magana, a Banc d'Arguin ruwan na yawan damewa da laka, kuma hanyar na aiki ne kawai a 'yan wurare da 'yan ranaku. Saki farin faifan Secchi na santimita 30 a ruwa, ka auna zurfin da ya ɓace wa ido. Abin da ya wuce wannan zurfin, rubuta shi "ba a gani ba", kada ka rubuta "babu ciyawa". A ruwa garau irin na mashigin Dungonab a Bahar Maliya ta Sudan, hanyar na kaiwa mita goma ko fiye.

Kwatanta shekaru

Da farko gwada jerin hotunanka a kan abin da ba ya sauyawa: busasshen tudun yashi a gaɓa. Idan NDVI ɗinsa ya motsa fiye da 0.03 tsakanin shekaru, matsalar a hoton take. Sannan ka ɗora taswirar farko da ta ƙarshe ka fitar da rukuni huɗu: ciyawa ta tsaya, ta ɓace, ta ƙaru, babu tun farko. Goge duk gungun da bai kai ɗigo tara ba. Ba da rahoton asara da ƙari daban-daban, domin fili na iya rasa hekta 200 a tudu ya sami 200 a gefen magudani, jimilla ta nuna sifiri alhali wurin na sauyawa.

Shekara biyu ba sa nuna alkibla. Idan kana da takwas zuwa goma, lissafa gangaren Theil-Sen, wato ma'aunin hawa ko saukar lamba shekara-shekara, a kowane ɗigo, wanda Earth Engine ke da shi a shirye, ka gwada shi da Mann-Kendall, gwajin da ke nuna ko alkiblar ta gaske ce. Shekara ɗaya mai muni ba ta jan wannan gangaren.

Kada ka ba da hekta ba tare da girman kuskure ba. Yi teburin da ke kwatanta abin da taswira ta ce da abin da aka gani a wuraren da ka ɓoye, rukuni-rukuni, domin jimillar daidaito na iya kai kashi 90 alhali rabin ciyawa marar kauri an sa ta a laka. Lissafin mai sauƙi ne: idan wuraren gwaji 100 ne, taswira ta dace a 85, iyakar shakka kusan maki 7 ce sama ko ƙasa. Mai irin wannan taswirar ba shi da ikon cewa ciyawa ta ragu da kashi 5. Don rage shakkar da rabi, sai an ninka wuraren gwaji sau huɗu. Hanyar Olofsson ta 2014 na gyara yawan hektar da wannan teburin.

Hoto na nuna inda aka yi asara, amma siffar asarar na nuna inda za a nemi dalili. Idan ta faru a wurare mafi tudu, waɗanda suka fi daɗewa a waje, duba zafi da busasshiyar iska. Irin wannan mutuwar ta auku a Banc d'Arguin lokacin farin da aka yi a 2011. A lakar wurin akwai ƙaramar kumba mai suna Loripes da ke rage gubar sulfaid a gindin ciyawa, kuma idan ciyawa ta raunana kumbar ta ragu, gubar na taruwa ta ƙara kashe saura, don haka a tona laka a ƙidaya kumbar. Idan asarar ta bi gefen magudani da ƙari a ɗaya gefen, kuma ka tabbatar hotunan ba su goce ba, magudanin ne ke matsawa. Idan ta zo kamar harshe daga gaɓa, yashi ne ya binne. Idan kuwa filin gaba ɗaya ya ragu daidai wa daida a shekara guda, koma ka duba ruwa da hazo da lambar 1000 kafin ka rubuta komai. Ajiye sunan kowane hoto, ranarsa, faɗin filin da ya fito, da iyakokin da ka sa, a tebur ɗaya tare da hotunan firam, domin mai sabunta taswirar baɗi ya bi matakan nan ba tare da ya sauya ko ɗaya ba.